Jirgin Ƙasa Mai Gudun Tsiya: Darasi Daga Ƙasar Taiwan

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. To, haka sha'anin gina hanyar jirgin ƙasa mai tsananin gudu ya ke. Kuɗin da ya ke ci suna da yawa ƙwarai, har ba kowace gwamnati ke iya ɗaukar nauyinsa ita kaɗai ba. Don haka ne wasu gwamnatoci kan haɗa gwiwa da 'yan kasuwa.

Ga yadda abin ya ke. Gwamnati ita ke samar da fili. Kamfani kuwa shi zai nemo kuɗi, ya gina hanya, ya riƙa sayar da tikiti har wasu shekaru da aka ƙayyade, don ya mai da kuɗinsa ya ci riba. In wa'adi ya cika sai ya miƙa wa gwamnati kome da kome.

Bari mu ɗauki misalin tsibirin Taiwan. A shekarar 1998 gwamnatin can ta ƙulla yarjejeniyar shekara 35 da wani kamfanin 'yan kasuwar ƙasar. Aka shimfiɗa hanya mai tsawon wajen kilomita 345 daga Taipei zuwa Kaohsiung, mafi yawanta bisa gadoji da cikin ramukan duwatsu. An sayo jiragen daga Japan, suna gudun kilomita 300 a sa'a guda. Aka buɗe hanyar cikin watan Janairu na 2007. Tafiyar da a da kan ci sa'a huɗu ko fi, ta koma ƙasa da sa'a biyu.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙa ba. Yawancin kuɗin aikin rance ne daga bankuna, kuma fasinjojin da aka samu da farko ba su kai ko kusa da yadda aka yi zato ba. Kuɗin ruwa ya yi ta cinye abin da ake samu. A 2009 sai da gwamnati ta sa hannu cikin shugabancin kamfanin. A 2015 kuma ta zuba kuɗi mai yawa, hannun jarinta ya rinjayi na kowa, aka ƙara wa'adin ya zama shekara 70. Daga nan ne kamfanin ya farfaɗo.

To, 'yan'uwa 'yan makaranta da iyayenmu, me za mu koya? Gwamnati ba ta iya barin hanyar da jama'a suka dogara da ita ta mutu. Watau in lissafi ya ɓaci, daga aljihun mai biyan haraji za a cike giɓin. Saboda haka duk inda aka zo da irin wannan shiri, ya kamata a fara tambaya: fasinja nawa za a samu a gaskiya, kuma wa zai biya in ba su zo ba?