MOTA MAI JA DA ƘAFA HUƊU: YADDA AKE GANE CUTARTA DA MAGANINTA

Zuwa ga dagatai da manoman ƙasar Gumel.

Kowa ya san ƙasarmu jigawa ce. Da an sauka daga kwalta a Gagarawa ko Sule Tankarkar, sai rairayi. A shekarar 1930, sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru ta ratsa Gagarawa, jakuna da raƙuma ke kai gyaɗa tasha. Yanzu kuwa mota ke ɗaukar gero da riɗi zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis, ita ke kai mai naƙuda asibitin Gumel da tsakar dare. In ta kafe a hanya, hasarar ba ta mai mota kaɗai ba ce.

Motar da ta dace da rairayi ita ce mai ja da ƙafa huɗu, kamar Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948. In tsohuwarta ta daina ja da ƙafafun gaba, kada ku yi gaggawar sa a buɗe giyabos. Ku fara neman wurin da ƙarfi ya tsaya.

HANYAR ƘARFI

Ƙarfi yana fita daga inji ya shiga giyabos, sa'an nan ya shiga wani ƙaramin akwati da ke raba shi biyu. Farfela ɗaya ta kai shi aksul na baya, ɗaya ta kai shi na gaba. Cikin kowane aksul akwai sanduna biyu na ƙarfe, kowace tana juya taya ɗaya. Kamar fangali ne a gonar rani: inda ruwa ya tsaya, nan aka toshe.

GWAJI NA FARKO

Waɗansu motoci suna da makulli a cibiyar tayoyin gaba. A duba ko an murɗa duka biyu sun kullu. In ɗaya a buɗe yake, gaba ba za ta ja ba ko kaɗan. Wannan gyara ba ya cin ko kwabo.

GWAJI NA BIYU

A tsai da mota a wuri mai tauri, a kashe inji, a sa giya ta ɗaya da giyar ƙafa huɗu. A tsohuwar Land Rover, watau a danna sanda mai rawayan kai, ko a ja mai jan kai baya. A sa waigi, a ɗaga tayar gaba guda da jak, a juya ta da hannu. Kada kowa ya shiga ƙarƙashi.

1. In ta motsa kaɗan ta tsaya, lafiya lau.

2. In tana juyawa, farfelar gaba kuma tana juyawa tare da ita, aksul ba shi da laifi. Giyar ce ba ta shiga ba. Sau da yawa ƙura da tsatsa ne suka riƙe sandar da ke shigar da ita. A wanke da kananzir, a sa mai.

3. In tana juyawa, farfela kuwa tana tsaye, to, sandar aksul ɗaya ta karye, ko haƙoran bakinta sun cinye.

Amma fa in cikin rairayi kuka ga tayar gaba ɗaya tana juyawa, 'yar'uwarta tana tsaye, wannan ba cuta ba ce. Haka aka ƙera aksul, don mota ta iya shan kwana.

IN CUTAR A BAYA TAKE

In mota ta ƙi motsi sai an sa giyar ƙafa huɗu, galibi sandar aksul na baya ce ta karye. Ku lura ƙwarai: birkin hannu na Land Rover farfela yake kamawa, saboda haka ba zai riƙe motar ba. Lalle a sa waigi duk inda aka tsaya.

Bakanike zai kwance ƙusoshi shida na cibiyar taya ya zaro sandar. Kada ku yarda ya zura sabuwa sai ya fid da guntun da ya saura ciki, ya tsiyaye tsohon mai, ya wanke ɓarɓashin ƙarfe. In an bar ɓarɓashi, shi zai ci haƙoran aksul, kuɗin gyara ya ninka. Sa'an nan a zuba man giya mai lamba 90 har ya kai bakin ramin zubawa.

RIGAKAFI

Abu uku ke karya sanduna. Na ɗaya, tafiya bisa kwalta da giyar ƙafa huɗu, domin can taya ba ta samun sulɓi, sai ƙarfe ya murɗe. Na biyu, haɗa tayoyi masu girma dabam dabam. Na uku, lodi fiye da kima da fizgar mota in ta kafe. In ta kafe, a sauke buhuna, a haƙe gaban tayoyi, a rage musu iska, a shimfiɗa kara, a fita sannu. In an koma kwalta a mai da iskar.

Dagaci ya tara direbobin garinsa a karanta musu wannan takarda, kowa kuma ya gwada tasa motar tun kaka ba ta yi ba.