Amanar Ma'aikaci ba Ta Komawa Wuyan Na'ura

 Darasin wannan mako yana magana ne a kan wani baƙon abu da ya shigo ofisoshin hukuma, watau ƙirƙirarriyar basira, wadda ake yi wa tambaya ta kwamfuta ko ta wayar hannu ta ba da amsa kamar mutum. Tun da aka fito da ChatGPT a watan Nuwamba 2022, duk akawun da ke da waya a Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kudan, yana iya sa ta rubuta masa wasiƙa, ko ta fassara takardar koke, ko ta taƙaita rahoto.

Musulunci bai hana aron kayan aiki ba. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya kafa diwani don rubuta sunayen masu haƙƙi a baitulmali, alhali kuwa tsarin ya samo asali ne daga Farisawa. Abin da shari'a take dubawa shi ne wanda ke riƙe da kayan aikin. Aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni da a mayar da amana ga masu ita, a kuma yi hukunci da adalci. Wannan umurni yana hawa kan mukallafi ne, na'ura kuwa ba mukallafi ba ce. Wanda ya sa hannu a takarda shi za a tambaya, a nan da kuma gobe Ƙiyama.

Sharaɗi na farko shi ne tabbatarwa. Wannan na'ura tana jera kalmomi ne bisa abin da ta fi gani a rubuce, saboda haka takan ƙaga abin da babu shi, ta kawo shi cikin lafazi mai daɗi. A 2023 wata kotu a birnin New York na Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000, domin sun gabatar da shari'o'in da na'ura ta ƙaga musu ba tare da sun bincika ba. Aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta hana mutum bin abin da ba shi da saninsa, kana Imamu Muslim ya ruwaito hadisin da ya nuna cewa baza duk abin da aka ji yana isa ya mai da mutum maƙaryaci.

A nan ne batun fassara yake da hatsari. Manomin rake daga ƙasar Makarfi yana iya kawo koke da Hausa cewa gonarsa jingina ya ba da. Idan na'ura ta mayar da jingina ta zama sayarwa a Turance, akawu kuma ya buga hatimi bai duba ba, to, gonar marayu na iya salwanta saboda kalma guda. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don wasiƙunsa su kasance a hannun amintacce, Zaidu kuwa ya ƙware cikin kimanin rabin wata. Darasin shi ne, lalle ne a sami amintacce mai sanin harsunan biyu wanda zai karanta takarda kafin ta fita. Haka nan lissafin gado: rajistara ba zai karɓi rabon tumuni ko sudusi daga na'ura ba sai alƙali masanin fara'ili ya bi shi daki-daki.

Sharaɗi na biyu shi ne rufin asiri. Malamin asibiti da ya zuba sunan majiyyaci da cutarsa cikin irin wannan manhaja ya aika da sirrin bawan Allah zuwa rumbun wani kamfani da bai san inda yake ba. Maslaha ita ce a cire suna da lambar waya da lambar shaidar ɗan ƙasa tukuna. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni 2023, ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su.

Sharaɗi na uku shi ne adalci. A ƙasar Holan, hukumar haraji ta yi amfani da tsarin kwamfuta wajen zaɓo waɗanda ake zargi da zamba a kuɗin tallafin reno, aka zalunci dubban iyalai, har gwamnatin ƙasar ta yi murabus a watan Janairu 2021. Don haka idan ana tantance manoman tumatir na Ikara da za a ba taki, ko tsofaffin da za a biya fansho, kada a soke sunan kowa don na'ura ta ce. A kira shi, a ji ta bakinsa, a gaya masa dalili. Dokar da aka ambata ma ta ba ɗan ƙasa haƙƙin neman mutum ya sake duba hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa.

Ya kamata shugabannin ƙananan hukumomi da manyan ma'aikata su rubuta wa na ƙasa da su ƙa'ida bayyananniya: wane aiki ne aka yarda a nemi taimakon na'ura a kansa, wane ne aka hana, wa kuma zai duba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa kowane mutum makiyayi ne da za a tambaye shi abin kiwonsa, kuma shugaban ofis yana cikin wannan hukunci.

Allah Ya ba ma'aikata ikon riƙe amana, Ya kare talakawa daga zalunci, amin.