Yadda Ake Sa Windows 98 a Katin CompactFlash Don Farfaɗo da Tsohuwar Kwamfuta

Wani zai tambaya, me ya haɗa ɗalibin harshe da kwance kwamfuta? Abin da ya haɗa su shi ne tsofaffin rubuce-rubuce. Kundayen digiri da jerin kalmomin karin harshe da malamanmu suka buga a shekarun 1990 suna nan cikin faya-fayan filofi da tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka. A wancan lokaci yawancin masu buga Hausa ba sa amfani da tsarin Unicode. Sai dai su sa wani zubin harufa na musamman, wanda aka cire wata alama da ba a cika buƙata ba aka dasa ɓ ko ɗ ko ƙ a gurbinta. In ka buɗe irin wannan aiki a sabuwar kwamfuta, sai ka ga baƙaƙe masu ƙugiya sun rikiɗe sun koma wasu alamomi. Wata manhajar kuma, kamar WordPerfect 5.1 ta DOS, ba ta tashi kai-tsaye a Windows mai bit 64. Don haka wani lokaci dole a koma ga na'urar da aka yi aikin da ita.

Misalin da zan yi amfani da shi a nan shi ne ThinkPad 600, wadda kamfanin IBM ya fitar a 1998, amma bayanin ya shafi takwarorinta na wancan zamani. Abin da ya fi saurin mutuwa a irin waɗannan kwamfutoci shi ne faifan ajiya na ciki, domin yana da inji mai juyawa da allura mai karatu, kuma an daɗe da daina ƙera irinsa. In har naka yana motsi, kafin komai ka cire shi, ka haɗa shi da sabuwar kwamfuta ta wayar USB, ka kwashe duk abin da ke ciki. Kada ka manta da jakar FONTS da ke cikin jakar WINDOWS, nan ne zubin harufan yake.

Abin da zai maye gurbinsa shi ne katin CompactFlash, wanda kamfanin SanDisk ya fito da shi a 1994, masu kyamara suka fi saninsa. Dalilin da ya sa na fifita shi a kan sauran katunan memori shi ne, tun asali an ƙera shi ya iya magana da harshen IDE, wato harshen da tsohon faifan yake magana da kwamfuta. Saboda haka adaftar da ke haɗa su ba ta fassara komai. Ramuka 50 na katin kawai take sadarwa da ramuka 44 na kwamfutar. A wajen kwamfuta, faifai ne kamar kowane faifai, sai dai ba ƙara, ba zafi, ba ya kuma tsoron jijjiga. Adaftar ba ta da tsada, ana iya nemanta wajen masu sayar da kayan gyaran kwamfuta ko a yi odarta ta intanet. Wajen soka ta a lura da fil na ɗaya, wanda akan yi wa alama a jikin adaftar. Wutar bolt 5 tana bi ta fil ɗin da ke ɗaya ƙarshen, in aka juya ta kati na iya ƙonewa.

Kada kwaɗayin babban kati ya ja ka. Windows 98 ba ta cin ko rabin gigabait, kuma kwamfutoci da yawa na wancan lokaci ba sa ganin abin da ya wuce gigabait 8.4. Kati mai gigabait 4 ya isa har ya yi saura. Ga mai DOS ta 6.22 kuwa, ɓangare ɗaya ba ya wuce gigabait 2, domin iyakar tsarin FAT16 ke nan.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Sukan yi wa katin fomat a sabuwar kwamfuta, su kwafa komai, su soka a tsohuwar, sai ta tsaya da baƙin allo ko ta ce ba ta ga babbar manhaja ba. Dalili kuwa, tsohuwar BIOS tana da hanyarta ta ƙidaya gurabun faifai, wadda ba lallai ta dace da ta sabuwar kwamfuta ba. Shi ya sa nake ba da shawara a raba katin a cikin ita tsohuwar da kanta. A tayar da ita da filofin tayarwa na Windows 98, a rubuta fdisk, a amsa da Y idan ta tambayi batun manyan faya-fayai, wannan shi zai ba da tsarin FAT32. A goge ɓangaren da katin ya zo da shi, a ƙirƙiri sabo, a kuma tabbatar an mai da shi wanda za a riƙa tayarwa daga gare shi. Sai a sake kunna kwamfutar, a rubuta format c: /s. Bayan nan a rubuta fdisk /mbr. Wannan umarni ba ya nuna komai a allo, har mutum ya zaci bai yi aiki ba, alhali shi ne ke rubuta 'yan bayanan tayarwa a gurbin farko na katin, waɗanda katin kyamara ba ya zuwa da su galibi. In an cire filofi kwamfutar ta tashi ta nuna C:\> to an haye.

Sauran aikin mai sauƙi ne. A kashe kwamfutar, a zare katin, a sa shi a na'urar karanta kati ta sabuwar kwamfuta, a kwafa jakar WIN98 daga faifan sidi na Windows zuwa cikinsa. A mayar da shi, a shiga jakar, a rubuta setup. Amfanin wannan hanya biyu ne: ba a dogara da tsohuwar na'urar sidi ba, wadda idonta kan raunana da tsufa, kuma duk ranar da Windows ta nemi faifanta, yana nan a ciki. Za ta nemi lambar lasisi mai harufa 25. Wanda ba shi da ita, kuma manhajar DOS kawai yake son buɗewa, FreeDOS kyauta ce.

Af, in ThinkPad ta nuna 161 da 163 tana tashi, ba laifin katin ba ne. Ƙaramin batirin agogonta ne ya mutu, a sauya shi a gyara kwanan wata.

Katin yana da iyakar yawan rubutun da gurabunsa za su ɗauka kafin su gaji. A ganina ana zuzuta wannan tsoro fiye da kima, domin kwamfutar da za a kunna jefi-jefi don ceto takardu ba za ta cinye kati da wuri ba. Duk da haka, babu amfanin yi masa abin nan na tattara gutsattsarin fayil wuri guda, tunda ba shi da allurar da za a rage wa tafiya. Ana kuma iya buɗe fayil ɗin system.ini, a ƙarƙashin [386Enh] a ƙara layin ConservativeSwapfileUsage=1, domin Windows ta rage yawan rubutu a katin. Windows XP kuwa ba na ba da shawararta a nan: katunan kyamara da yawa suna gabatar da kansu a matsayin abin da ake zarewa, ita kuma takan ƙi ajiye wasu fayilolinta a irinsu. Sannan kada a haɗa wannan kwamfuta da intanet, domin tun Yulin 2006 Microsoft ya daina toshe ɓarakar Windows 98.

In komai ya zauna, sai a sa tsohon zubin harufan da manhajar, a buɗe takardar, a ga Hausa ta fito da ƙugiyoyinta. A nan ɗalibi zai ɗauki biro ya rubuta wace alama ce ke tsaye a madadin wane baƙi, manya da ƙanana, har da wasula masu alamar karin sauti in akwai. A adana takardar a tsarin RTF, a zare katin, a kai shi sabuwar kwamfuta. Dama Windows 98 ba ta gane filashin USB sai an nemo mata direba, don haka katin shi ne gadar. A can sai a yi amfani da umarnin nema da musanya, a mai da kowace alama baƙinta na Unicode: ɓ ita ce U+0253, ɗ kuma U+0257, ƙ kuwa U+0199. A kula da inda marubucin ya yi amfani da alamar don ainihin ma'anarta, kada a musanya duka a tashi ɗaya. Asalin fayil ɗin kuma a bar shi yadda yake, tare da zubin harufansa a jaka guda.