Duwatsun Murhu Uku: Darasi Daga Rikicin Dokar Inshorar Lafiya a Amurka

Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa malamin ilmin halittu da gardamar 'yan majalisar Amurka? Abin da suka daɗe suna jayayya a kansa tun shekarar 2010 ya samo tushe ne daga wani abu da muke koyarwa a aji, wato cewa cuta ba ta rabuwa daidai-wa-daida a tsakanin bil'adama. Ƙididdigar da hukumomin lafiya na Amurka suke yi tana nuna cewa kashi 5 cikin ɗari na mutanen ƙasar su ke cin kimanin rabin kuɗin da ake kashewa wajen magani a shekara, alhali rabin jama'ar, wato masu ƙoshin lafiya, abin da suke ci bai wuce kimanin kashi 3 cikin ɗari ba. Saboda haka kowace dokar inshora ƙoƙari ce ta amsa tambaya guda: wa zai ɗauki nauyin waɗannan 'yan ƙalilan?

Inshora tana kama da adashi ta fuskar zubi, amma sun sha bamban wajen kwasa. A adashi kowa yana kwasar abin da ya zuba. A inshora kuwa wanda ciwo ya kayar shi ke kwasa. Mu ƙaddara wani gari mai mutum 1,000. Daga cikinsu 950 lafiyarsu lau, maganin kowannensu dala 1,000 ne a shekara. Sauran 50 kuma suna fama da ciwo mai tsanani, kowanne yana cin dala 19,000. Jimla dala 1,900,000 ke nan, zubin kowa ya kama dala 1,900. To, idan 500 daga cikin masu lafiya suka ga ƙwaruwa ce suka janye, sauran 500 za su raba dala 1,400,000, zubi ya koma 2,800. Wannan tsadar za ta kori waɗansu. In 300 suka ƙara fita, zubi ya kai 5,500. Haka za a yi ta yi har asusun ya durƙushe. An taɓa ganin haka a zahiri. Jihar Washington ta yi doka a 1993 wadda ta hana kamfanoni korar majiyyata, ta kuma tanadi tilasta wa kowa shiga. A 1995 aka soke tilascin, aka bar hanin. Zuwa 1999 manyan kamfanonin jihar sun daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane sabuwar inshora.

Galibin Amurkawa suna samun inshora ta wurin aikinsu ne. Tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama suna da shirin gwamnati mai suna Medicare, waɗansu rukunan matalauta kuma suna da Medicaid, duka biyu tun 1965. Rikicin ya fi shafar mai sayen inshora da kansa, kamar ƙaramin ɗan kasuwa ko manomi, da kuma talakan da bai cika sharuɗɗan Medicaid ba. Kafin sabuwar doka, a yawancin jihohi kamfani yana da ikon bincikar tarihin lafiyar mutum, ya ƙi karɓarsa ko ya tsawwala masa zubi idan yana da ciwon sukari, ko asma, ko ya taɓa yin ciwon daji. Har juna biyu ana lissafa ta cikin dalilan ƙi.

A nan ne masanin halittu yake da ta cewa. Mu ɗauki amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila. Idan uba da uwa duka suna ɗauke da AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ta haifar da yaro mai SS. Yaron bai sha taba ba, bai yi sakaci da jikinsa ba. Ƙwayoyin gado ne suka haɗu a ranar da aka yi cikinsa. Kimanin mutum 100,000 ke da wannan ciwo a Amurka, akasarinsu baƙar fata. A 2008 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan dokar da ta hana kamfanonin inshorar lafiya nuna wa mutum bambanci saboda ƙwayoyin gadonsa. Sai dai dokar ta kare wanda yake ɗauke da ƙwayar ne kurum. Da zarar ciwon ya bayyana a jiki, kariyar ta ƙare. A wurin ɗalibin ilmin gado wannan rabe-rabe abin mamaki ne, domin ƙwayar da ciwon, ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Dokar da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu ranar 23 ga Maris, 2010, wadda ake yi wa laƙabi da Obamacare, ta girka tukunyarta a kan duwatsu uku. Na farko, an hana kamfani ƙin karɓar mutum ko ƙara masa zubi saboda ciwo, kuma zubin dattijo ba zai wuce ninki uku na zubin matashi ba. Na biyu, an wajabta wa kowa mallakar inshora ko ya biya tara. A 2016 tarar ta kai dala 695 ga baligi ko kashi 2.5 cikin ɗari na abin da yake samu, duk wanda ya fi yawa. Na uku, gwamnati tana tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi wajen biyan zubi, an kuma faɗaɗa Medicaid. Yawan marasa inshora ya sauko daga kimanin kashi 16 cikin ɗari a 2010 zuwa kimanin kashi 9 a 2016.

Babu ɗan jam'iyyar Republican ko ɗaya da ya jefa wa dokar ƙuri'ar amincewa a zaman ƙarshe, kuma ba za a ce kukansu ba shi da dalili ba. Suna ganin gwamnati ba ta da hurumin tilasta wa ɗan ƙasa sayen hajar kamfani. Kotun Ƙoli ta raba wannan gardama a 2012 da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, inda ta ɗauki tarar a matsayin haraji, amma ta bar wa jihohi zaɓi game da faɗaɗa Medicaid. Zuwa 2025 jihohi 10, ciki har da Texas da Florida, ba su faɗaɗa ba. Kukan da ya fi nauyi a ganina shi ne na tsada. Jikin mai shekara 64 yana cin magani kusan ninki biyar na mai shekara 21, don haka ƙayyade ninki uku yana nufin matashi yana biya wa dattijo. Ma'aikatar lafiya ta ƙasar ta ba da rahoto a 2017 cewa matsakaicin zubi a kasuwar ɗaiɗaiku ya ninka tsakanin 2013 da 2017 a jihohin da ta bincika. Wanda samunsa ya ɗara iyakar tallafi, shi ya ji wannan a jikinsa.

Da Donald Trump ya hau mulki a 2017, jam'iyyarsa tana da rinjaye a majalisu biyu, sai aka tashi cika alkawarin sokewa da musanyawa. Sokewa ba ta da wuyar faɗa. Musanyawa ce ta zama alaƙaƙai, domin jama'a suna ƙin tara amma suna son kariyar majiyyata, kuma lissafin garinmu ya nuna haɗarin raba su. Ƙudurin da Majalisar Wakilai ta amince da shi ranar 4 ga Mayu, da ƙuri'a 217 a kan 213, ya soke tarar, ya maye gurbinta da ƙarin kashi 30 cikin ɗari na tsawon shekara a kan wanda ya zauna fiye da kwana 63 ba inshora. Ya mai da ninkin dattijo biyar, ya rage fiye da dala biliyan 800 daga Medicaid cikin shekara goma, ya kuma yarje wa jihohi su bari a ƙara wa majiyyacin da inshorarsa ta yanke zubi, a tallafa masa daga wani asusu na daban. Ofishin kasafin kuɗi na Majalisa ya ƙiyasta cewa marasa inshora za su ƙaru da miliyan 23 zuwa 2026.

Majalisar Dattawa ba ta karɓi wannan ba, nata ƙudurorin ma suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe ya zo ƙuri'a cikin daren 28 ga Yuli, ya faɗi da 49 a kan 51. 'Yan Republican uku suka ƙi: Susan Collins, da Lisa Murkowski, da John McCain, wanda likitoci suka gano masa ciwon daji a ƙwaƙwalwa a cikin watan, ya kuma rasu a shekarar da ta biyo.

Shin inshora tana hana mutuwa, ko kuwa aljihu kawai take karewa? An sami amsa ta hanyar da masanin kimiyya yake so. A farkon 2017 hukumar haraji ta aika wa gidaje miliyan 3.9 da suka biya tara wasiƙun tunatarwa, aka bar waɗansu gidajen ba a aika musu ba bisa zaɓin ƙuri'a. Ƙungiyar gwaji da ƙungiyar kwatance ke nan, kamar yadda muke yi da tsirrai a ɗakin bincike. Waɗanda suka sami wasiƙa sun fi shiga inshora, kuma a cikin masu shekara 45 zuwa 64 an sami ragin mutuwa ɗaya a kan kowace wasiƙa 1,600 da 'yan kai.

Abin da ya biyo baya ya ba masana da yawa kunya. A Disamba 2017 Majalisa ta mai da tarar sifiri ta cikin dokar haraji, daga 2019. An janye dutse na biyu ke nan, kuma ofishin kasafin kuɗi ya yi hasashen marasa inshora za su ƙaru da miliyan 13 zuwa 2027. Amma tukunya ba ta kife ba. Dalili kuwa, an gina tallafin ne yadda zubin mutum ba zai wuce wani kaso na samunsa ba. In farashi ya tashi, baitulmali ke cike giɓin. A garinmu, bayan ficewar mutum 500, gwamnati za ta zuba dala 450,000, zubi ya tsaya a 1,900, sauran masu lafiya ba su da dalilin gudu. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na masu saye a kasuwar dokar suna samun tallafi, abin da jihar Washington ba ta da irinsa mai yawa a wancan lokaci. Da aka ƙara tallafin a 2021, masu rajista suka haura miliyan 24 a 2025. Ashe duwatsun ba nauyi ɗaya suke ɗauka ba. Shi ya sa faɗan ya koma kan tallafi: an sa wa ƙarin wa'adi zuwa ƙarshen 2025, kuma batun tsawaita shi yana kan gaba cikin saɓanin da ya rufe ma'aikatun gwamnatin tarayya kwana 43 a Oktoba da Nuwamba na shekarar.

Nijeriya ma ta soke ta musanya, ba tare da irin wannan hayaniya ba. A Mayu 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar da aka fara yi a 1999. Sabuwar ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusun masu rauni domin ƙananan yara da masu juna biyu da tsofaffi da gajiyayyu. Ƙasar ce ta fi kowace yawan masu sikila a duniya, ana haifar kimanin jarirai 150,000 da ita kowace shekara, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin magani daga aljihun majiyyaci yake fita. Amurka ta karɓi tararta ne ta takardar harajin da magidanci yake cikewa shekara-shekara. Manomi da mai faci da mai sayar da koko a nan ba su cike irin wannan takarda, don haka wajabcin ba shi da igiyar da zai kama su da ita, nauyin tukunyar kuwa zai koma kan abin da aka zuba a asusun masu rauni.