Darasi na 14: Hular Haƙori ko Fallen Haƙori?

Ɗalibi, ka taɓa ganin haƙorin Makka a bakin alhaji? Irin wannan rufi da ke lulluɓe haƙori gaba ɗaya shi ake kira hular haƙori. Ana yin ta da zinariya, ko ƙarfe, ko tangaran. Falle kuwa siririn tangaran ne da ake mannawa a fuskar haƙorin gaba kawai.

Idan haƙori ya karye, ko ya yi babban kogo, hula ta fi dacewa, domin tana jure tauna. Idan lafiyarsa lau, sai dai ya dafe ko ya ɗan ɓantare, falle ya wadatar.

Kafin a sa hula, likita yakan kankare kusan milimita 2 na haƙori. Na falle kuwa kusan rabin milimita. Abin da aka kankare ba ya sake tsirowa. Saboda haka kada ka miƙa bakinka ga mai gyaran haƙori na kasuwa. Ka je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, a duba ka tukuna.

Aiki

1. Yaushe hula ta fi falle dacewa?
2. Me ya sa ba a gaggawar kankare haƙori?
3. Rubuta jimloli uku da “ya fi” ko “ta fi”.