Amsoshin Tambayoyinku: Su Wa Suka Kafa Kamfanin Solugen?

Tambayarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sauraro a Zariya, wanda ke son sanin mutanen da suka kafa kamfanin Solugen na Amurka, mai haɗa sinadarai ba tare da gurɓata muhalli sosai ba.

To malam, mutum biyu ne: Gaurab Chakrabarti da Sean Hunt, kuma a 2016 suka kafa shi. Chakrabarti likita ne. Yana cikin bincike kan sankarar fankiriyas, ya ci karo da wani sinadarin halitta mai samar da haidurojin feroksaid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Shi kuwa Hunt injiniyan sinadarai ne da ya yi digirin digirgir a jami'ar MIT.

Da bututun roba irin na famfo suka harhaɗa injinsu na farko na haɗa sinadarai. Yanzu suna da masana'anta a birnin Houston, inda sukarin masara ya maye gurbin man fetur wajen yin sinadaran tace ruwa da na aikin gona.