Tururin Waya da Ƙarfen Sabis: Abin da Na'urar Awo Take Nuna Mana

Aikina shi ne kula da turakun sadarwa, waɗanda jama'a suka fi sani da ƙarfen sabis. Mu ne muke daidaita eriyoyin da ke samansu, mu ne kuma ake turawa da na'urar awo idan mutanen unguwa suka kai ƙorafi cewa tururin ƙarfen yana cutar da su. Duk inda na je, tambayoyin kusan iri ɗaya ne: ko ƙarfen nan yana sa ciwon daji, ko waya a aljihu tana taɓa haihuwar namiji, ko 5G ta fi na baya haɗari. Masu tambayar suna da haƙƙin a ba su cikakkiyar amsa, domin lafiyarsu da ta 'ya'yansu suke karewa, kuma ba kasafai ake tsayawa a yi musu bayani da harshen da suke ji ba.

Waya da ƙarfen sabis suna isar wa juna saƙo ne ta igiyoyin rediyo, wato tururin da ake magana a kai, dangin waɗanda ke kawo mana labarai a akwatin rediyo; gidan rediyon Kaduna tun 1962 yake watsa irinsu a kanmu. Ba ɗaya suke da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti ba. Wancan yana da ƙarfin da zai ratsa ƙwayar halitta ya ɓata ƙwayoyin gadon da ke cikinta, shi ya sa mai ɗaukar hoton yake laɓewa bayan katanga mai dalma, shi ya sa kuma ake tambayar mace ko tana da juna biyu kafin a ɗauke ta. Igiyar rediyo ba ta da wannan ƙarfin. Abin da aka tabbatar tana yi wa jiki, idan ta yi yawa ƙwarai, shi ne ɗumama tsoka. A kan haka aka gina ƙa'idar da hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da irin wannan tururi, ICNIRP, ta fitar a 1998 ta kuma sabunta a 2020, wadda Najeriya da ƙasashe da dama suke bi. An nemo matakin da ɗumamar take fara yin illa ga jiki, aka raba shi gida 50, aka ce kashi ɗaya shi ne iyakar abin da aka yarda ya sami jama'a.

Ba na ɓoye wa kowa cewa akwai wurin da tururin yake da haɗari. Gaban eriya ne, can sama, a tazarar 'yan mitoci kaɗan. Ma'aikacin da zai hau ya yi aiki a wurin sai an kashe wannan ɓangaren ko an rage masa ƙarfi. Don haka idan a saman benenku aka kafa eriya, kada a mai da gabanta wurin shanya ko wurin kwana lokacin zafi, kada kuma a bar yara su hau wasa.

A ƙasa kuwa labarin daban ne. Ba a ƙera eriya don ta zubo tururi a gindinta ba. Gaba take turawa, da ɗan sunkuyo kaɗan, ta yadda ƙarfin igiyar ba ya taɓa ƙasa sai an yi tafiyar gomman mitoci, wani lokaci ɗaruruwa, kuma kafin nan ya riga ya yi rauni sosai, domin duk lokacin da tazara ta ninka sau biyu, ƙarfin yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Gidan da ke manne da shingen ƙarfen sau da yawa ya fi gidan da ke can gaba ƙarancin tururi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a bayanin da ta fitar a 2006, ta ce awon da aka yi a wurare daban-daban ya nuna abin da ke samun jama'a daga turakun sadarwa yana tsakanin kashi 0.002 zuwa kashi 2 cikin 100 na iyakar da aka gindaya. Abin da na'urata take nuna mini a tsakar gidaje da makarantu da ƙofar masallatai bai saɓa wa wannan ba.

Na taɓa yin awo a gaban wani dattijon mai unguwa da jama'arsa. Da ya ga lambar ta yi ƙasa sai ya ce, "To Injiniya, in haka ne, me ya sa kuke kewaye shi da shinge kuna rubuta haɗari?" Na ce, "Ranka ya daɗe, saboda wutar lantarki da man da ke ciki ne, da ɓarayin batir, da yara masu hawa." Sai na roƙe shi ya kira wani da wayarsa, na kara na'urar a jikinta. Nan take lambar ta haura abin da muka gani daga ƙarfen nesa ba kusa ba. Ba wani abin mamaki ba ne a wurinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce abin da jiki ke samu daga wayar hannu yakan ninka na ƙarfen sabis fiye da sau 1,000, don kawai ita a manne take da kunne, shi kuma yana can nesa.

Nan ne nake so mai karatu ya tsaya da ni, domin shi ne abin da mutane suka fi fahimta a baibai. Waya ba da ƙarfi ɗaya take aiki kullum ba. Kamar mai kiran ɗan'uwansa a gona ne: in yana kusa, magana ƙasa-ƙasa ta isa, in ya yi nisa sai an ɗaga murya. Idan sabis ya cika, waya takan rage ƙarfinta ƙwarai da gaske. Idan saura sanda ɗaya, ko kana cikin ɗaki mai kaurin bango, ko cikin mota tana gudu wayar tana ta neman sabon ƙarfe, sai ta ƙure ƙarfinta, wanda a tsohon tsarin 2G yakan kai wat 2. Shi ya sa batir yake saurin ƙarewa a ƙauye. Ma'ana, garin da ya hana a kafa masa ƙarfe don tsoron tururi bai rage wa kansa komai ba. Ya sa wayoyin mutanensa suna aiki da iyakar ƙarfinsu a jikin kunnuwansu, ga kuma wahalar neman sabis ranar da naƙuda ta zo da gardama cikin dare. Mutanen Zamfara da aka katse wa layuka a Satumban 2021 sun san abin da rashin sabis yake nufi.

To ita wayar da ke kunne fa, tana sa ciwon daji? A watan Mayun 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta sa igiyoyin rediyo a rukunin da take kira 2B, wato abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa cutar amma hujjar da ake da ita ba ta isa a yanke hukunci ba. Wannan hukuncin ne ake ta yawo da shi a WhatsApp, an yanke masa kai da ƙafa. Abin da ya jawo shi shi ne wasu bincike, musamman na Interphone da aka yi a ƙasashe 13 aka fitar a 2010, wanda bai ga ƙarin cutar ba a jimlace, sai dai ya ga alama a cikin 'yan kaɗan da suka fi kowa daɗewa a kan waya. Masu binciken da kansu sun yi gargaɗin cewa alamar tana iya zama kuskure, domin marasa lafiya aka tambaya su tuno yawan kiran da suka yi shekaru da suka wuce. A Amurka kuma, a 2018, an ga ƙari a zuciyar wasu ɓeraye maza da aka yi wa wanka da igiyar a dukkan jikinsu, awa 9 kullum har shekara biyu, da ƙarfin da ya wuce abin da mai waya ke samu.

Daga baya an bi mutane masu yawa na tsawon shekaru. A Denmak an bibiyi masu layin waya fiye da 350,000, a Birtaniya mata fiye da 770,000, ba a ga ƙarin ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba. A 2024 wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a yi, ƙarƙashin jagorancin Ken Karipidis na hukumar kula da tururi ta Ostireliya, ya tattara bincike 63 da aka yi daga 1994 zuwa 2022, shi ma bai sami alaƙa ba, har ga waɗanda suka haura shekara goma suna amfani da waya. A ganina wannan hujja ce mai nauyi, ta isa ta kwantar da hankali. Ba ta hana a ci gaba da bincike ba, kuma ana ci gaba.

Batun haihuwa ne maza suke ja na gefe su tambaya. Wani bincike da aka fitar a Suwizalan a 2023, a kan samari kusan 2,900, ya ga ƙarancin ƙwayoyin maniyyi ga masu taɓa waya fiye da sau 20 a rana, amma bai ga bambanci ba tsakanin mai sa ta a aljihun wando da wanda ba ya sawa, kuma alaƙar ta yi ta raguwa yayin da aka bar 2G aka koma sababbin tsare-tsare. Bincike irin wannan ba ya tabbatar da cewa wayar ce sanadi. Wanda ya daɗe da aure bai samu ƙaruwa ba, asibiti ya kamata ya nufa shi da iyalinsa, kada ya ɗora wa waya laifi ya zauna.

Ga wanda yake son ya rage abin da ke samunsa, kuma ina goyon bayan haka musamman ga yara, maganin tazara ce, kuma kyauta ce. Ka sa iyafis ko ka buɗe sifika idan hirar mai tsawo ce. Taƙi ɗaya tsakanin waya da kai ya rage mafi yawan abin. Ka nemi inda sabis ya fi kyau kafin ka zauna doguwar magana. Iyayenmu mata masu cusa waya a rigar mama, jaka ta fi. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji ya nisanta waya da ita aƙalla santimita 15, kada ya sa ta a aljihun gaba. Sitikar da ake tallatawa wai tana tsotse tururi kuwa asarar kuɗi ce, in ma ta tare eriyar wayar sai ta sa wayar ta ƙara ƙarfi. Kowace waya ta gaskiya an auna yawan tururin da jiki ke sha daga gare ta, ma'aunin da ake kira SAR: iyakarsa ga kai da gangar jiki a Turai wat 2 ne a kowane kilo, a Amurka 1.6, kuma wayoyi da yawa suna nuna nasu idan aka danna *#07#. Ana kuma bibiya. A Satumban 2023 Faransa ta dakatar da sayar da iPhone 12 bayan awonta ya nuna 5.74 a inda iyakar gaɓoɓi take 4, sai da kamfanin ya gyara manhajar. Jabun waya ba wanda ya auna ta, don haka a sayi wadda hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ita.

Ita 5G ba na jin tana buƙatar dogon bayani. A 2020 an yi ta yaɗa cewa ita ta kawo korona, har aka ƙona turaku a Birtaniya, alhali a lokacin Najeriya ba ta ba kowa lasisinta ba. Sai a Disamban 2021 aka yi gwanjon zangon, MTN ta fara aiki da shi a 2022. Zangon da aka sayar, gigahaz 3.5, yana tsakanin zanguna biyun da Wi-Fi ya daɗe yana aiki da su a gidaje da ofisoshi, kuma ƙa'idar awo ɗaya ce ta hau kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne tsoron tururi yana ɗauke hankalinmu daga illolin da ba a jayayya a kansu. Direban da ke waya yana tuƙi ya ninka haɗarin yin hatsari kusan sau huɗu, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya, amma kullum muna zaune a bayan ɗan acaɓa ko cikin motar haya muna kallo ba mu ce uffan. Batirin da ya kumbura da jabun caja suna tayar da gobara, musamman idan an tura waya ƙarƙashin matashi tana caji. Ƙure sautin iyafis yana kashe ji a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Haka ma a gindin ƙarfen. Janaretan da ke ruri dare da rana ya fi eriyar da ke sama cancantar ƙorafi. Cibiyar IARC ɗin nan da ta sa igiyar rediyo a rukunin mai yiwuwa, a 2012 ta sa hayaƙin injin dizal a rukuni na 1, na abubuwan da aka tabbatar suna sa ciwon daji, rukuni ɗaya da taba sigari. Ga ƙarar da ke hana barci, ga man da kan tsiyaya ya gangara rijiya, ga ƙarfen da in ba a kula da shi ba iskar farkon damina za ta iya kayar da shi a kan gidaje. Dokar hukumar kare muhalli ta NESREA ta 2011 ta ce a bar tazarar aƙalla mita 10 tsakanin ƙarfe da gidan zama.

Ina kira ga masu unguwanni da duk wanda za a nemi hayar filinsa: kafin ku sa hannu, ku tambayi ina bututun hayaƙin zai fuskanta, yaya za a killace tankin mai, mita nawa ne zuwa katangar maƙwabci, wa zai riƙa duba lafiyar ƙarfen, kuma ku sa a rubuta amsoshin cikin yarjejeniya. In an riga an kafa kuma hankalinku bai kwanta ba, ku nemi a zo a yi awo a gabanku, a nuna muku lambar da iyakar da doka ta sa. Idan kamfani ya yi kunnen uwar shegu, ku kai ƙara hukumar NCC ta layinta na kyauta, 622.